Gado da Tattali a Sana'ar Ɗinki: Waiwaye Daga Sabon Birni da Isa

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan wasu kalmomi biyu sun yawaita a bakin masu kamfanonin ɗinki da kayan yayi, daga Turai da Amurka har zuwa Legas da Abuja da Kano. Ta farko ita ce "gado", watau da'awar cewa ɗinkin gidan ya samo asali daga wata tsohuwar sana'a ta iyaye da kakanni. Ta biyu kuwa ita ce wadda 'yan jarida suke fassarawa da "ɗorewa", ana nufin yin tufafi ta hanyar da ba za ta ɓata ƙasa da ruwa ba, ba kuma za ta ci da gumin ma'aikaci ba. Abin da ya jawo wannan magana sananne ne. Masana'antun duniya suna fitar da tufafi masu arha da yawan gaske, a sa su sau kaɗan a yar, sa'an nan a ɗaure su dila-dila a turo ƙasashen Afirka. Rushewar ginin Rana Plaza a Bangaladash a 2013, inda fiye da mutum 1,100 suka mutu, galibinsu masu ɗinki, ta sa masu saye da yawa suka fara tambayar wanda ya ɗinka abin da ke jikinsu.

Wannan maƙala za ta dubi kalmomin nan biyu ta fuskar sana'ar ɗinki a ƙasar Gobir, musamman yankin Sabon Birni da Isa na gabashin Jihar Sakkwato. Da farko ya kamata a lura cewa "ɗorewa" ba ta cika ɗaukar ma'anar da ake so ba, domin sakamako take nunawa, ba ta nuna mai aikin. Kalmar da Bahaushe ya saba da ita a nan ita ce "tattali". Ana tattalin dukiya, ana tattalin maraya, ana tattalin riga, kuma a kowanensu akwai wani mutum da nauyin ya hau kansa. Abin da ake son nunawa shi ne, a tsohon tsarin ɗinkin Hausa tattali yana cikin yadda ake saƙa ƙyalle da yadda ake yanka shi da yadda ake gadonsa, saboda haka duk gidan ɗinkin da ya yi da'awar gado, a waɗannan wurare ya kamata a auna shi.

2.0 Tufafi a Tarihin Gobir

An fi sanin Gobir da yaƙi fiye da sana'a, to amma ko yaƙin ma da ɗinki ake yin sa. Lifidin da barade suke sa wa kansu da dawakinsu aikin allura ne, ƙyalle ne ake ninkawa a cusa masa auduga a bi shi da ɗinki layi-layi har kibiya ta kasa ratsa shi. Alƙalawa, babban birnin Gobir tun daga zamanin Sarki Babari a tsakiyar ƙarni na 18, wanda kufansa yake cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Birni ta yau, yana bakin Gulbin Rima ne, a kan hanyar ayarin Azbin. Buzayen da suka zauna a Adar da Gobir Tudu suna daga cikin manyan masu sayen baƙin rawani da turkuɗi, saboda haka ƙasar ta kasance mahaɗa tsakanin masu rini na kudu da masu saye na arewa.

Wani abin lura kuma shi ne, rikicin da ya kai ga jihadi ya taɓa tufafi kai tsaye. A taron Idi na Magami, wajen 1788, ɗaya daga cikin buƙatu biyar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya gabatar wa Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ita ce a girmama duk mai rawani. Bayan 'yan shekaru Sarki Nafata ya kafa dokar da ta hana maza naɗa rawani, ta hana mata yafa mayafi. Wannan ya nuna cewa a Gobir ta wancan lokaci ana karanta matsayin mutum da aƙidarsa daga abin da ya sa, har ta kai sarki yana ganin ƙyalle abin tsoro ne ga mulkinsa. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Muhammadu Bello ya ba sana'o'i muhimmanci a ribaɗoɗin da ya kafa. A cikin littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina, ya lissafa maɗinka da marina a cikin masu sana'ar da ya wajaba shugaba ya kula da su, ya kuma tabbatar akwai su a kowane gari.

Garuruwan nan biyu da ake magana a kansu 'ya'yan wannan tarihi ne. Isa ribaɗi ne da ke hannun zuriyar Muhammadu Bello, yana tsaron iyakar daula. Sabon Birni kuwa Ɗan Halima ne ya kafa shi wajen shekarun 1860, bayan Gobirawa sun riga sun kafa Tsibiri a bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Sa'ad da Ingila da Faransa suka shata iyaka a farkon ƙarni na 20, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa hannun Ingila. Iyakar ba ta raba aure da ciniki ba. Har yau rigar da aka ɗinka a wannan gefe tana zuwa biki a Gidan Rumji ko Madawa ko Maraɗi.

3.0 Daga Gona Zuwa Wuyan Mai Riga

A Hausar Sakkwato da Gobir auduga "kaɗa" ce, ɗinki "ɗumki" ne, mai yin sa "maɗumki", taguwa kuwa "taggo". A tsohon tsari, kafin kaɗa ta zama taggo sai ta bi ta hannuwa da dama, kowane hannu da sunan aikinsa. Mata ne suke gurza ta a kan magurji su fitar da angurya, su shiɓe ta da baka, sa'an nan su kaɗa ta da mazari. Zaren da ya fito iri biyu ne, akwai siriri mai ƙarfi na tsaye, akwai abawa mai kauri ta kwance. Angurya ba a zubar da ita, wani kashi iri ne na baɗi, saura kuma abincin shanu ne. Daga nan sai masaƙi ya yi wadari, ya ɗaure ƙarshen zaren a jikin kunkuru, ya zauna da ƙoshiyarsa.

A nan ne ainihin maganar take. Masaƙar maza ta Hausa ƙyalle siriri take fitarwa, mai tsawo, wanda faɗinsa bai cika wuce tafin hannu ba, na turkuɗi ma bai kai faɗin yatsu biyu ba. Shi ake naɗewa a kira shi zugu, ko a ce sawaye. Kowane tsiri yana da bakinsa biyu a rufe tun daga masaƙa, ba ya zarewa. Aikin maɗinki na farko shi ne ya auna tsawon da yake so, ya datse, ya jera tsiri kusa da tsiri ya haɗa baki da baki. Idan ana son riga ta buɗe daga ƙasa, sai a ɗauki tsiri a raba shi a karkace, a sami yanki biyu masu tsini, a juya ɗaya a yi amfani da su duka. Ba a bin lanƙwasar kafaɗa ko ta hamata da almakashi. Babbar riga da taguwa da 'yar shara da buje duk a kan wannan ƙa'ida aka gina su, watau siffar tufa ita take bin siffar abin da masaƙi ya saƙa. Wanda ya ɗinka riga ta wannan hanya, in ya tashi daga tabarmarsa, da ƙyar zai share abin da zai cika tafin hannu. Makarantun koyon zanen tufafi na Turai a yau suna koyar da yankan da ba ya barin ragowa a matsayin sabon fanni mai wuya. Tsohon maɗinkin Hausa ba shi ma da wata hanyar yanka sai ita.

Haka abin yake a marina. Ana haɗa ruwan rini da baba da toka da katsi, a bar shi kwanaki ya ruɓa ana motsa shi, har ya nuna. In ya yi aiki ya gaji, sai a kwashe dagwalon, a debo laka mai shuɗi da ta kwanta a gindin rijiyar, a cura ta, a shanya, a ƙona. Abin da ya fito shi ne katsi, kuma shi zai koma cikin sabon haɗi. Wanda ya ragu ana kwaɓa shi da gashin jima da dafara a yi laso, simintin gargajiya da ake shafe rijiyar rinin kanta da shi, ake kuma shafe soraye don kada ruwan sama ya ci su. Sharar marina da sharar majema ke nan suka haɗu suka zama rufin gini. Unguwannin Marina da Majema da ke birnin Sakkwato shaida ne cewa waɗannan sana'o'i ba na Kano kaɗai ba ne, ko da yake ƙasar Kano, musamman Kura, ita ta yi fice a baƙin rini mai ƙyalli. Barth, wanda ya zauna a Kano a 1851, ya ƙiyasta abin da sana'ar tufafi take kawo wa garin a shekara da wuri miliyan 300, kuma binciken Philip Shea na 1975 ya nuna yadda wannan rini ya zama sana'ar fitarwa zuwa ƙasashen Sahara.

Hatta alharini, jan silikin nan da ake yi wa manyan riguna shafi da shi, ragowar masaƙun ƙasashen Bahar Rum ne da ake rinawa a ɗauko a kan raƙuma ta Tarabulus. Ita kuwa tsamiya daga gidan wata tsutsa ake samun ta a daji, a dafa da toka a kaɗa. Da waɗannan zaruruwa ake yin aikin wuya da na aljihu. Malami ya zana aska biyu ko aska takwas da tawada, masu allura, waɗanda da yawansu almajirai ne da gardawa, su bi zanen wata da watanni, daga ƙarshe a kai wa mabugi. David Heathcote ya tattara sunayen waɗannan zane-zane a digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a 1979, kuma duk mai nazarin wannan fanni yana cin moriyar aikinsa.

Sai dai bai kamata a yi wa wannan tsari kwalliyar da ba tasa ba. Tattalin da ke cikinsa tsadar ƙyalle ce ta haife shi. Zaren riga ɗaya yana cin kwanakin mace masu yawa, kuma ladan kaɗi bai taka kara ya karya ba. Bugu da ƙari, wani kashi mai yawa na audugar ƙarni na 19 bayi ne suka noma ta a rumada da gandaye. Mai da'awar gado da ya ambaci aska takwas ya manta da waɗannan hannuwa, rabin tarihin ya faɗa.

4.0 Rayuwar Riga da Kalmominta

Riga ba ta ƙarewa a hannun wanda aka ɗinka wa. Sarki yana tuɓe riga ya ba bara ko makaɗi ko malami, kuma darajar kyautar tana ƙaruwa ne saboda jikin da ta fito. Uba yana ba ɗa, maigida yana ba yaronsa. Wannan shi ne "kwance", kuma ba abin kunya ba ne, har wasu sukan nemi kwancen malami don neman albarka. Riga dukiya ce da ake jinginarwa in an shiga matsi, in mai ita ya rasu kuma a yi mata kuɗi a sa ta cikin rabon gado tare da gona da dabbobi. Kalmar "sutura" da aka aro daga Larabci ta tattara wannan tunani, domin ana faɗinta ga tufafi, ana faɗinta ga rufin asiri, ana kuma faɗinta ga yi wa mamaci likkafani da binne shi.

In farar riga ta dafe, sai a mayar da ita marina ta fito shuɗiya ko baƙa, a buge ta, ta sake wasu shekaru. In wuya ya ci, a sake masa shafi. In ta yage, a yi mata maho. Da yake tsiri-tsiri aka haɗa ta, ana iya farke wanda ya lalace a sa wani ba tare da an taɓa saura ba. Aikin aljihu mai kyau yakan fi jikin rigar daɗewa, har a cire shi a ɗora wa wata. In ta wuce gyara, a fitar da taggon yaro a cikinta, ko bante, ko majanyi. Daga nan ta zama tsumma, shi ma da ayyukansa: gammo, da lagwanin fitila, da cikon matashi ko na lifidi, da abin tace koko. Abin da ya saura ya tafi juji ya ruɓe, a kwashe shi da taki a kai gona, domin auduga ce da baba, ba abin da ƙasa za ta ƙi ci. Karin maganar nan da ke cewa da tsirara gara baƙin bante, a cikin irin wannan rayuwa aka yi ta.

Kalmomin sana'ar da kansu suna nuna zamunanta. Kaɗi da saƙa da rini da bugu na gida ne. Allura da almakashi da alharini da kaftani da jabba daga Larabci suka zo. Tela da yadi da faci da jamfa da siket kuwa na Ingilishi ne. Abin sha'awa shi ne yadda "tela" ya zauna kusa da "maɗinki" ba tare da sun zama abu ɗaya ba. Tela mai keke ne da tef da alli, yana yanka faffaɗan yadi gwargwadon jikin mutum, yana kuma tara ƙyallaye a ƙarƙashin teburinsa. "Faci" ya kusa kore "maho" a bakin yara. "Gwanjo" kuwa, wanda asalinsa cinikin wa-ya-fi-saye ne, ya zama sunan tsofaffin tufafin Turai, ya tsaya a inda kwance yake a da. Bambancin su shi ne, mai sanye da kwance ya san wanda ya fara sa shi.

5.0 Inda Igiyar ta Tsinke

Turawan mulki sun so audugar Arewa ta tafi masaƙun Lankashaya. An kafa ƙungiyar noman auduga ta Ingila a 1902, aka shigo da irin Allen na Amurka wajen 1912, aka gina injinan gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau, jirgin ƙasa kuma ya isa Ƙauran Namoda a 1929, wanda shi ne tasha mafi kusa da Shinkafi da Isa. Da farko masaƙan gida sun fi kamfani sayen auduga da daraja, har abin ya ba Turawa haushi. To amma a hankali akoko da alawayyo da atamfa suka cika kantuna, mata suka ga kaɗi ba ya biya, mazari ya koma kayan tsofaffi. Shuɗin kanti, wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897, shi ma ya bi ya rage wa baba kasuwa.

Masaƙun zamani sun so su maye gurbin. An buɗe masaƙar Kaduna ta farko a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Gusau da Funtuwa, har aka yi zamanin da manomin Zamfara da Gobir yake sayar da auduga ya sayi yadin da aka saƙa da ita. Wannan ma bai daɗe ba. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya tsadar da kayan gyara, wutar lantarki ta yi ƙaranci, yadin Sin ya kwararo. Masaƙar Kaduna ta farko ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta bi ta a 2007. Yankin iyaka ya ga wannan sauyi kafin kowa, domin yadi da gwanjon da ake saukewa a Kwatano ta Nijar suke zagayowa, su bi ta Birnin Ƙonni da Maraɗi su shigo Nijeriya.

Sakamakon haka, rigar da tela yake ɗinkawa a Sabon Birni ko Isa a yau shaddarta daga Sin take, in ta mai hali ce kuma Getzner ce daga Ostiriya. Zaren aikin na kanti ne, keken Butterfly ne ko Singer, aikin wuyan sau da yawa na inji ne. Yadi mai arha galibi da zaren roba aka saƙa shi. Ba ya shan baba, saboda haka ba a mayar da shi marina. Ba ya tsotse ruwa, saboda haka tsummansa ba ya tace koko. In an kai shi juji ba ya ruɓewa, sai a same shi a gona bayan shekaru yana naɗe wa garma baki.

6.0 Tambari

Kalmar da ake amfani da ita yanzu ga alamar kamfani ita ce "tambari". Tana da ma'anoni biyu da suka girmi wannan. Tambari shi ne gangar sarauta da ake kaɗa wa sarki shi kaɗai, irin wadda Gobir ta yi suna da ita. Tambari kuma shi ne zagayayyen zanen nan da ke bayan babbar riga da gefen ƙirjinta. Ke nan tun kafin kamfanoni, rigar Bahaushe tana ɗauke da tambari, sai dai ba na wanda ya ɗinka ta ba ne. Maɗinki ba ya sa suna a aikinsa. Sunansa yana bakin mutane, a ce ɗinkin gidan wane ne, kuma abin da ke tsare ingancin aikin shi ne mai riga ya san ƙofar gidansa.

Akwai misalai biyu na ƙoƙarin haɗa tsohuwar sana'a da tambarin zamani waɗanda suka cancanci a duba. Na farko ƙungiyar mata masu surfani ta Queen Amina ce a birnin Zariya, wadda aka kafa a 1994, kuma Elisha Renne ta yi rubuce-rubuce a kanta. A da aikin babbar riga na maza ne, mata huluna suke yi, amma daga ƙarshen shekarun 1970 matan Zariya suka shiga aikin riga suna karɓar lada kaɗan daga dillalai. Ƙungiyar ta ɗauki zanen riga ta ɗora a kan rigunan mata da kayan ɗaki, ta nemi masu saye har Amurka, ta rage masu shiga tsakani. Abin da ta riƙe shi ne allura da zane da ladan mai aiki. Na biyu shi ne kamfanin This Is Us da aka kafa a Legas a 2016, wanda ya gina sunansa a kan yadin audugar Funtuwa da ake rinawa a marinar Kano. Shi kuma abin da ya riƙe shi ne auduga da rini. Kowanensu ya kama wani yanki na igiyar. Amma duka biyun masu sayensu mutanen birni ne da na ƙasashen waje, kuma kuɗin riga ɗaya ya fi ƙarfin manomin da ya noma audugar. Wannan ba laifinsu ba ne, tsadar aikin hannu ce ta dawo a zamanin da ido ya saba da arhar inji.

Telan Gobir ba shi da tambari irin wannan, amma yana riƙe da wani abu da kamfanonin Turai suke kashe kuɗi don su dawo da shi. Har yanzu mafi yawan tufafin Sallah da na biki da na suna a wannan yanki ba a ɗinka su sai an san mai su. Mutum ya sayi yadinsa, ya kai, a gwada shi, a ɗinka. Ba a tara kayan da ba a saya ba balle a ƙona su. In rigar ta matse a buɗa ta, in ta yi tsawo a rage, kuma telan da ya ɗinka ta shi zai gyara. Ƙyallayen da suka ragu ana haɗa su a yi wa yara riguna, ko zanen gado, ko jakar allo. Koyon sana'ar kuma har yanzu a gaban maigida ake yin sa, yaro ya fara da sa maɓalli da guga da kalmasa kafin a ba shi almakashi. Abin da ya kuɓuce shi ne ilmin haɗa tsiri, da sanin zare, da zanen hannu, domin yaron da ya tashi a kan faffaɗan yadi bai taɓa ganin zugu ba.

A kan wannan kuma sai ga rashin tsaro. Tun wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tilasta wa dubban mutanen Sabon Birni da Isa ƙetarawa zuwa Jihar Maraɗi. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a yankin, aka hana cinikin dabbobi a kasuwanninsa. An rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 bayan juyin mulkin Nijar. Sana'ar tela a kan kaka da kasuwar mako take rayuwa. Manomi sai ya sayar da wake ko albasa ko rago yake tunanin sabon ɗinki, kuma ƙauyen da aka ɗora wa harajin 'yan bindiga ba ya yin kayan Sallah. Tela yana iya kwance kan kekensa ya ɗora a mota ya koma Sakkwato ko Maraɗi, ya ci gaba da aiki. Tsohon da ya san yadda ake jera tsiri ɗari a riga ɗaya, da tsohuwar da ta iya kaɗa zaren tsaye, ba su da abin ɗorawa a mota, kuma a sansanin gudun hijira ba mai tambayarsu.

Ga masu nazarin harshe da al'ada, a nan aiki yake da gaggawa. Ƙamus na Bargery na 1934 cike yake da sunayen saƙa da ɗinki da rini, da yawa an nuna cewa na Sakkwato ne ko na Gobir ko na Katsina, amma suna ba tare da abin da ake kira da shi ba bai isa a sake ɗinka riga ba. A gidajen sarauta da na malamai na Sabon Birni da Isa, da na 'yan'uwansu a Tsibiri, akwai tsofaffin riguna na saƙi da barage da tsamiya a cikin adaka, waɗanda ba a fito da su sai ranar naɗi ko hawan Sallah. Kowace ɗaya ana iya shimfiɗa ta a ƙirga tsirinta, a auna faɗinsa, a duba inda aka raba shi a karkace da inda aka yi maho, a kuma tambayi masu gidan sunan kowane sashe da Gobiranci da hannuwan da rigar ta bi kafin ta iso gare su.